Ƙwaya Biyu, Yara Biyu

A gidan Mai Aski ko lemo ɗaya aka shigo da shi sai an tsaga biyu, rabi na Yaya, rabi na Auta. Haka uwarsa ta rene shi, haka yake renon nasa, yana kuma tinƙaho da abin kamar wata sarauta.

Ciwon ma kowa ya samu rabonsa. Shi Mai Aski yana da shi tun yana yaro, 'yan ƙulutai a baya da tabo ruwan ƙasa a damtse, bai taɓa damuwa ba, riga mai dogon hannu ta wadatar kada masu zuwa aski su tsargu. A jikin yaran ne abin ya nuna halinsa. Na Yaya ƙari ne ya tsiro a wuya yana matse mata maƙogwaro har murya ta dishe. Na Auta ya kumbura masa fatar idon hagu. Da likita ta ce ciwon gado ne, Mai Aski ya ji kamar an mare shi a tsakiyar shagonsa. Wasu gida da gona suke bar wa 'ya'yansu.

Babban asibiti na gwada wani sabon haɗin magani, aka ɗauki Yaya. Auta shekarunsa ba su kai ba.

"Ƙwaya biyu ce, Malam, fara da ja, kuma tare ake sha," in ji likita. "Ƙarin nan wayo gare shi. In fara ta toshe masa ƙofa sai ya zagaya ta baya, ja ce ke tsare can."

Ya ce ya gane, kuma ya gane ɗin, har zuwa ƙofar gidansa. Yana shiga ya tarar da Auta a bakin gado, ya karkata kai yana kallon talabijin da ido ɗaya.

"Baban yara, an ce fa tare," matarsa ta ce, ganin ya raba kwalaben.

"Ke za ki iya duban yaron nan ki ce masa babu nasa? Da babu gara ba daɗi."

Ita ma ba za ta iya ba. Yaya da hannunta ta miƙa wa ƙaninta jar ƙwayar, har tana tsokanarsa wai ta bar masa mai kyan.

Watanni suka shuɗe. Kullum da safe sai ya auna wuyan 'yarsa da ido, irin yadda yake auna layin aski, ya ce wa kansa akwai sauƙi. Mai son abu ba ya rasa shaida.

Ranar da sakamakon hoto ya fito, likita ta bar Yaya da uwarta a benci, ta shiga da Mai Aski shi kaɗai. Ƙarin ya ƙaru, kuma babu alamar jar ƙwaya a jinin yarinyar. Ya faɗa wa likitar inda ƙwayar ta tafi. Ya so ta yi masa tsawa, da ya fi masa sauƙi, amma sai ta cire tabarau ta murza ido.

"Malam, ƙarin ya riga ya samu hanyar baya. Ko mun haɗa yanzu da wuya ya ji, kuma dole a cire ta daga gwajin. Saura tiyata, wurin kuwa ba wurin wasa ba ne."

"Yaron fa, Likita?"

"Ja ita kaɗai ba ta yi masa komai ba sai wahalar da hanta. Ku kawo shi mu duba."

Ya fito yana jin tsanar kansa har cikin ƙashi. Matarsa ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Yaya ta jawo hannun rigarsa, ya duƙa sosai, don yanzu ba a jin ta daga tsaye.

"Baba, nawa bai ragu ba ko? Ba komai. Ai na Auta ya ragu."

Idon Auta ya rufe ruf tun makon jiya.

"Ya ragu mana," ya ce.