Hamdatu Ta Rage Ƙwaya

Hamdatu 'yar zangon Kumasi ce, ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi gida-gida a unguwar Bronx, can ƙasar waje. Garin ɗaga wata tsohuwa daga bahon wanka bayanta ya riƙe, bai kuma sake ta ba. An yi mata aiki, ba a dace ba. Sai aka ɗora ta a kan ƙwayoyin kashe ciwo masu ƙarfi, har ta kai ko shago ba ta zuwa sai da kwalbarsu a jaka.

Daga baya aka dasa mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, mai aika wuta kaɗan-kaɗan zuwa lakar baya don ta danne ciwon. Aka haɗa ta da rimot. Ta danna, ta ƙara dannawa, ba ta ji komai ba sai wani abu kamar tafiyar kiyashi. Ciwo kuwa yana nan daram.

Ta koma asibiti a fusace. Likitarta, wata Bakanuwa mai suna Aishatu Humaira, ta bar ta sai da ta gama faɗanta.

"Hajiya, na'urar lafiyarta ƙalau," in ji ta. "Ƙwayoyin nan in suka yi yawa kuma suka daɗe, sukan rage amfaninta, har su ƙara wa mutum jin ciwo. Mu rage su a hankali. Amma kada ki yanke lokaci guda."

"Likita, su ke riƙe da ni fa."

"Na sani. Shi ya sa na ce a hankali."

Mijinta Moro, direban tasi, shi ya karɓi ajiyar kwalbar. Da aka fara rage ƙwayoyin, Hamdatu ta sha wuya: ga zufa, ga kasala, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Moro sai ya ce, "Yi faɗanki, Hajiya, kwalba dai tana aljihuna."

Lokacin sanyi na wucewa ta lura in ta kunna na'urar ciwon yana lafawa, bayanta ya yi sakayau. Ciwon bai tafi duka ba, kuma ɗaga mutum ta bar shi har abada. Amma ranar sunan jikar maƙwabciyarsu a unguwar Highbridge, a tsaye ta dafa shinkafa da wake ta taron nan kaf.

Da yamma ta zauna ta ɗaura bel ɗin cajin na'urar a ƙugu. Moro ya leƙo yana dariya.

"Batirin ya cika?"

"Saura kaɗan," ta ce. "Zubo mini shayi."