Kwana Tara da Agogon Baba Mai Takalmi

"Miƙo hannun," in ji Baba Mai Takalmi. "Ba wannan ba, na hagu. A na hagu suka ce a ɗaura."

Na miƙa masa. Yana zaune a bakin katifarsa, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, yana laluben hujin maɗaurin. Ni kuwa hankalina na kan hanya, don in na makara da minti goma shugabar masu shara sai ta yi mini wankin babban bargo a gaban kowa.

"Baba, wannan fa ƙarya za mu yi."

"Aro ne, 'yata. Kwana biyu kawai, kafin kumburin ya sauka. Ke da kike yini a tsaye, me zai rage miki?"

Agogon taku yake ƙirgawa, yana aika lissafin ga waɗanda suka raba shi. Wata huɗu kafin nan wasu masu bincike daga jami'a suka shigo unguwarmu suna neman tsofaffi, musamman waɗanda ciwo ko lalurar ƙafa ta zaunar, don su ga ko tafiya tare a fili sau uku a mako za ta gyara musu jiki ta rage musu kaɗaici. Mutum ashirin suka ɗauka, kowa aka ba shi agogo da koriyar riga mai lamba a baya. Shugabarsu wata siririyar mata ce mai tabarau, kowa Malama yake ce mata.

Shekara goma sha biyu ƙofar Baba na kallon tamu. Shan inna ya taɓa masa ƙafar dama tun yana ƙarami, in yana tafiya sai ya jefa ta gefe sannan ya bi ta. Ya sha gaya mini cewa a makaranta, in an fita wasa, shi ake tara wa takalma ya tsare. "Daga gadin takalmi na koma gyaransa," haka yake cewa yana dariya. Ranar da Malama ta rubuta sunansa sau uku yana tambayarta ko ta lura da yadda yake tafiya. Ta ce ta lura, shi ya sa ma take son sa a ciki. Tun daga ranar, tsohon da ba ya wuce bakin rumfarsa ya koma wanke koriyar riga da kansa yana shanya ta inda duk mai wucewa zai gani.

Amma akwai ƙa'ida. Duk wanda takunsa ya faɗi kwana uku a jere, Malama za ta zo masa da nas, a tura shi asibiti, a ajiye sunansa a gefe sai likita ya sa hannu. Haka aka yi wa wani tsohon direba, bai kuma sake komawa fili ba. Ga shi saura kwana goma sha biyu a rufe binciken, ranar da za su zagaya fili sau uku a gaban iyalansu a ɗauki hoto. A makonni biyu na ƙarshe kuma an dakatar da haɗuwa, wai don a ga wanda zai ci gaba da tafiya shi kaɗai. Babu mai ganin Baba, agogo ne kaɗai shaidarsa.

"Sau ɗaya dai a rayuwata a fara abu da ni a gama da ni," ya ce, yana gyara mini maɗaurin. "Tafi, kada ki makara."

Ginin da nake shara hawa biyar ne, lif kuma na masu ofis ne. Da na dawo da yamma ƙafafuna na zugi, ya kamo hannuna ya kanga agogon kusa da idonsa. Shi da ba ya wuce taku dubu biyu, yau ya yi dubu goma sha uku. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, yau na yi ƙoƙari! Jiƙa mini ƙafafun nan naki a ruwan ɗumi, gobe muna da aiki."

Kwana biyu suka zama biyar. Kumburin ya hau har gwiwa, ya daina kwanciya sai dai ya jingina da bango, wai in ya miƙe numfashi guduwa yake yi. Na ce mu je asibiti, ya ce bayan ranar rufewa. Na ce zan kira 'yarsa da ke aure a nesa, ya ce in na kira ta ba shi ba ni. Gaskiya ita ce na gaji. In na dawo ga girki, ga wanki, ga maigidana da nasa surutun, sai ya zama ɗaura agogo ya fi mini sauƙi a kan jayayya da tsoho.

A rana ta shida ina ɗakinsa na kawo masa abinci, wayarsa ta yi ƙara. Malama ce. Ya sa ta a lasifika don in ji.

"Baba, sannu da ƙoƙari! Kai ne kan gaba a cikin mutum ashirin. Amma a riƙa hutawa fa. Tafiya kake yanzu haka? Na ji kana haki."

Ya dube ni ya kashe ido ɗaya. "E, Malama. Tafiya nake."

Bakina a buɗe yake, magana ɗaya ce ta rage in faɗa. Na sunkuya na gyara masa kwanon.

A rana ta tara na dawo na tarar da takalman mutane a ƙofarsa. Maigidana ne ya leƙa da rana ya same shi a jingine ya cika, takalmin wani a cinyarsa, allura da zare a hannu. Na tsaya a tsakar gida na kasa shiga. Wata maƙwabciya ta riƙe ni tana cewa in yi haƙuri, ai kowa ya san na kula da shi kamar ubana. Na ja hannun rigata na rufe agogon.

Kwana biyu bayan an binne shi Malama ta zo gaisuwa. Na kai ta rumfarsa, na kwance agogon na ajiye a kan teburin aikinsa tsakanin guduma da gwangwanin gam, na gaya mata komai. Ta zauna a kan ɗan bencinsa, ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido.

"Da kin bar shi a hannunsa, da tun rana ta uku mun zo da nas."

"Da ya rayu?"

"Ban sani ba, yaya. Ni ba likita ba ce." Ta mayar da tabarau. "Ni ma ai na ga lambar ta tashi daga dubu biyu zuwa dubu sha uku. Mun saita na'urar ta sanar da mu in taku ya ragu, ba mu yi tunanin ƙaruwa ba. Murna na yi, ban tambaya ba."

"To sunansa fa? Yana ciki?"

"Wanda bai kai ranar rufewa ba, ba ya shiga lissafin ƙarshe. Haka tsarin yake, ba ni da ikon canja shi."

Haushinta nake ji, da nasa, da nawa wanda ya fi duka.

Washegari aka rufe. Na nemi izini a wurin aiki na je filin na tsaya a bayan iyalai. Ashe bibbiyu suke tafiya, kowa da abokinsa tun farkon binciken. Abokiyar Baba wata tsohuwar ungozoma ce, doguwa mai ƙarfin jiki, wadda da ta ga dama da ita za ta fara gamawa. Sai ga ta can baya ita kaɗai. Tana bin gefen waje, ta bar wurin mutum ɗaya a hagunta, in ta kai kwana sai ta tsaya jim kaɗan kamar mai jiran wani ya huta.

Sauran suka gama zagaye na uku, suka jeru a gaban mai hoto suna share gumi. Ya ɗaga kyamara, Malama ta dafa hannunsa ya sauke. Ungozoma tana can ƙarshen fili a tsaye a kwana, saura mata zagaye guda.