Ba Zan Yi Aron Uwa Ba

A shekarar 1998 kwamfuta ɗaya tal ce a sashen su Sailuba a makaranta, an lulluɓe ta da zane kamar amarya, kuma Malam Jumare kaɗai ke riƙe da makullin ɗakinta. Shi ne ya ba ajin aikin ƙarshen zango: kowa ya shirya labarin kansa na minti uku, da hotuna da muryar wani na gida a kaset, a zuba a kwamfutar. Wanda bai kawo ba zai maimaita darasin baɗi.

Sailuba ta zaɓi ranar da aka haife ta. Ta zana tsarin a takarda, hoto shida, ta bar minti guda cur saboda muryar mahaifiyarta. A nan gizo ya yi saƙa, domin ita 'yar fari ce. Inna Hajo ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kallonta ido cikin ido, ko magana sai ta bi ta kan wani. Haka kunyar ɗan fari take a gidansu na unguwar Kwarbai, cikin birni, tun kaka da kakanni. Gwaggo Asama'u ce ta yaye ta, ta raine ta a unguwar Tudun Jukun.

Ranar Asabar ta shiga birni da rikodar aro. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa, Rahmatu ƙanwar Sailuba na gefe tana yankan kuɓewa. Sailuba ta durƙusa ta gaida Inna, ta faɗi abin da ya kawo ta. Inna ba ta ɗago ba. Ta ce wa Rahmatu ta gaya wa waccan ta je ta tambayi gwaggonta.

Da ta kai wa Malam Jumare kuka, dariya ya yi. Ya ce abin mai sauƙi ne, ta rubuta kalaman ta ba wata dattijuwa ta karanta, wa zai gane? Har ya kawo sunan matar da ke sayar musu da ƙosai a bakin ƙofa. Sailuba ta katse shi.

"Malam, ina da uwa. Ba zan yi aron wata ba."

Ya ce to, sai ta shirya zama da 'yan baya baɗi.

Bayan mako guda ta koma Kwarbai ran Lahadi da la'asar. Wannan karon ba ta roƙi komai ba. Ta ajiye rikodar a kan tabarma a gaban kowa, ta danna jan maɓallin, ta zauna ta naɗe hannu. Inna ta kalli akwatin, ta ci gaba da aikinta. Can ta ce wa Rahmatu ta zuba wa waccan tuwo, duk ta rame kamar ba a dafa abinci a Tudun Jukun. Can kuma ta ce a gaya mata ta daina shan ruwan ƙanƙara, tarin nan da take yi ba na banza ba ne. Sailuba ta ci tuwon tana haɗiye hawaye. Da ta ji ba za ta iya riƙe su ba, ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar kaset ɗin yana juyawa.

Sai ran Litinin, a gaban kwamfutar, ta ji abin da aka faɗa bayan tashinta. Muryar Inna ce, ƙasa ƙasa, kamar mai ba Rahmatu labarin maƙwabta.

"An taɓa haihuwar wata yarinya a ɗakin can, ranar Laraba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba ta yi kuka ba sai da aka kira sallah. Uwar ta ɗauka ba za ta zauna ba. Da aka kwana bakwai aka raɗa mata..."

Daga nan shiru. Daƙiƙa ashirin da biyu, ba a jin komai sai ƙarar tsakuwa da ake jefawa cikin kwano, da wata kaza can nesa. Sannan Inna ta ce Rahmatu ta duba wuta.

Malam Jumare ya saurara har sau biyu. Ya ce madalla, an samu murya, amma aikin ya wuce minti uku. A yanke shirun nan, ba ya ɗauke da komai, in ba haka ba zai zaftare mata maki, kuma ba ya alkawarin abin da zai rage zai fitar da ita. Ya miƙa hannu zai yi yankan da kansa. Sailuba ta ɗora tafinta a kan maɓallan.

"A yanke hotuna na duka in ana so. Wannan wurin ba mai taɓa shi. Nan ne ta fi kusa da kiran sunana tun da aka haife ni."

Ranar nuni ajin ya cika. Da muryar Inna ta fito daga kwamfutar tana cewa "waccan", samarin baya suka fashe da dariya. Da aka kai shirun, Sailuba ta miƙe tsaye, ta juyo ta fuskance su, ta tsaya ƙyam har daƙiƙa ashirin da biyun suka cika. Dariyar ta mutu tun kafin rabi. Wata Mariyamu, ita ma 'yar fari, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Jumare bai janye maganarsa ba. Ya zaftare makin, ya rubuta arba'in cif, mafi ƙaranci a ajin, daidai bakin tsira. Sailuba ta karɓi takardar ba ta ce a sake duba mata ba. Ta zare kaset ɗinta, ta hau motar cikin birni.

Ta tarar da Inna tana shanya. Ta dubi Rahmatu, ta ɗaga murya yadda za a ji, ta ce a gaya wa matar gidan nan yarinyar ranar Laraba ta ci jarrabawa. Inna ta gyara zanen da ke kan igiya, ta daɗe tana gyara shi. Sannan ta ce a tambayi waccan ko tarin ya yi sauƙi.