Mashin Lenore

Corinne Abalos tana da shekara bakwai mahaifinta ya kai ta makarantar wushu, wasan faɗa na ƙasar Sin, ta Shifu Duan a San Jose, don ta hana kowa sakat a gida da tsalle a kan kujeru. Shifu Duan tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, ba ta yabo. Ta dubi ƙafafun yarinyar, ta ce a dawo da ita gobe.

Da Corinne ta girma sai ta fi ƙwarewa a wasan mashi. Amma duk gasar da ta je, sai ta tarar da Lenore Pak ta Maryland. Tsawonsu ɗaya, kuma sau da yawa Lenore ce ke gaba. Shekara goma suna haka, gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga kai.

Corinne tana da shekara ashirin da biyar jijiyar gwiwarta ta tsinke a wani tsalle. Aka yi mata aiki, ta yi wata goma sha huɗu ba ta shiga gasa ba. Da ta warke ta ce za ta gwada zaɓen 'yan wasan ƙasa sau ɗaya tak, in bai yiwu ba ta haƙura.

A Texas aka yi zaɓen. Da safe ta buɗe jakar makamanta, ta ga sandar mashin ta tsage a cikin jirgin da ya kawo ta. Ta zauna a ƙasa, ta rasa ko hawaye. Shifu Duan ta zagaya tana tambayar aro, amma wannan ya yi gajere, alƙalai ba za su karɓa ba, wancan kuma na maza ne, ya yi nauyi. Gurbi ɗaya ya rage, kuma kowa ya san tsakaninta da Lenore ne.

Lenore ce ta fara shiga fili. Ta yi wasa mai kyau, ta fito tana haki, ba ta tsaya wurin mai horar da ita ba ta nufo Corinne ta miƙa mata mashin.

"Ungo. Yana ɗan rinjaya ta kai, ki matsar da hannunki gaba kaɗan."

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani. Shekara goma ina kayar da ke, ba sai jirgi ya taya ni ba. Tashi, sun kira sunanki."

Sandar da ɗumin hannun Lenore a jikinta. Corinne ta shiga, ta yi gaisuwa, ta fara. Da ta zo kan tsallen da ya taɓa karya ta, ta tashi sama, ta juya, ta dire, gwiwar ta riƙe ta. Makinta ya ɗara na Lenore da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ta sami Lenore a bayan zaure tana kwance igiyar takalmi, idanunta jajir. Corinne ta fara godiya. Lenore ta ce ta bari, yau dai ba ta son ji, amma ta kira ta bayan sati biyu.

Ta kuwa kira. Suka yi awa guda suna hira, rabinta tsiya ce. Kafin gasar duniya Lenore ta zo San Jose ta yi kwana goma, tana kwana a falon Corinne, tana cinye adobo, naman da mahaifin Corinne ke dafawa, tana gyara mata direwa. Corinne ta zo ta biyar a duniya, daga nan ta daina gasa.

Ranar da ta dawo, Shifu Duan ta ba ta ajin manya ta koyar. Corinne ta ce ita fa ba ita kaɗai ta kai kanta can ba, dole a san haka.

"Na sani," in ji tsohuwar. "Rubuta wa yarinyar nan, ki ce in tana so ta zo nan, mu biyu za mu shirya ta don zaɓe mai zuwa."

Lenore ta iso a watan Janairu da jakunkuna biyu, tana ƙorafin tsadar haya, Corinne ta je filin jirgi ta ɗauko ta.