Takardar Salima

Shekara huɗu Rekiya ta yi a ƙasar Maraɗi, tun ranar da 'yan bindiga suka kore shanun Badarawa, ita da mijinta Muhtari suka tsallake iyaka da tufafin jikinsu. A can ta haifi Salima. Da saƙo ya iso cewa tsohuwarta na kwance, ƙafa ta kumbura, sai ta ƙulle kaya ta riƙo hannun ɗiyar, ta bar Muhtari a garkar albasar da yake wa mutane ban-ruwa.

Da hantsi motarsu ta tsaya a wani shinge cikin ƙasar Zurmi. Ma'aikacin da ke duba takardu, wani siriri da ake kira Bilyaminu, ya karɓi katinta ya gani Rekiya Nuhu. Ya karɓi takardar haihuwar yarinyar, wadda aka rubuta da Faransanci, ya daɗe yana juya ta. Uwa a ciki Rakiatou ce, uba kuma Mouctar. Ya ce sunaye ba su haɗu ba. Ya ce ana yawan safarar yara ta wannan hanya, don haka yarinya za ta tafi ofishin Ƙauran Namoda a bincika, ita kuwa ta je ta samo wasiƙar mai unguwa.

Rekiya ta yi masa bayani sau uku. Ta ce haka mutanen can ke rubuta suna, ita ba ta yi boko ba balle ta gyara musu. Ta ce ya dubi goshin yarinyar ya dubi nata. Salima dai tana maƙale da zanenta tana cin ƙuli, ko a jikinta.

Malami direba, wanda fasinja suka fara yi wa ƙorafin rana, ya sauko yana fifita da hula. Shi ne ya lura da wata takarda manne a bangon rumfar, saitin kan Bilyaminu. Ya ɗan taɓa firamare, ya bi ta a hankali da yatsa, ya ce ai ga shi nan an rubuta ba a raba yaro da iyayensa sai in akwai haɗari gare shi.

Bilyaminu bai yi musu ba. Ya ce dokar gaskiya ce, shi ma da hannunsa ya manna ta. Amma doka iyaye ta ce. A fara tabbatar da cewa wannan uwa ce, sannan doka ta hau.

"To wa za ya tabbatar?" in ji Malami.

"Ƙaura."

"Kuma kahin a kai Ƙaura an raba su ke nan."

Bilyaminu ya ce shi aikinsa yake yi. Kwanan baya an tsawata wa wani abokin aikinsa da ya bar yara biyar suka wuce, ba zai zama na biyu ba.

Nan ran Rekiya ya gama ɓaci. Ba ta yi kuka ba, haushi ya hana. Ta aje ƙullinta a ƙasa ta zauna a kai.

"Yallaɓai, tunda ɓarauniyar ɗiya ce ni, kama ni. Ka kai mu tare."

Ya ce ba shi da hurumin tsare ta, katinta lafiya lau yake. Ta ce to in ba ɓarauniya ba ce, ya ba ta ɗiyarta. Ya ce ba a tabbatar ba. Haka suka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, har Malami ya ba ta haƙuri, ya sauke mata tabarmarta, ya ja motarsa, don hanyar Moriki ba a yin yamma a kanta.

Sai bayan azahar babban ma'aikatan shingen ya dawo. Ya saurara yana sakace, ya ce ba abin da ya hana uwar, ko wace ce ita, shiga motar da za ta kai yarinyar. Aka ɗora su a bayan akori-kura, bisa buhunan shinkafar da aka kama. Rekiya na kallon mararrabar da za ta kai ta gida suka wuce ta.

A Ƙaura sun tarar mai sa hannu ta tashi. Suka kwana gidan wata mai abinci a bakin tasha, bayan 'yan ofis sun sa musu sharaɗin su dawo da safe. Da gari ya waye suka sami mai sa hannun, Hajiya Fauziyya, wadda kakanninta mutanen Madarumfa ne ta ƙasar Maraɗi. Ta dubi takardar, ba ta ko zauna ba.

"Mouctar ai Muhtari ne. Wa ya turo ku?"

Ta tambayi Salima ina innarta, yarinyar ta nuna Rekiya da hannun da ke riƙe da ƙosai. Hajiya ta buga hatimi, ta rubuta gajeren bayani da Turanci a bayan takardar, tana faɗa ita kaɗai cewa wannan ce ta huɗu a wata guda, kuma ta gaji da aika wa 'yan shingen saƙo.

Rekiya ta isa Badarawa bisa babur daga Shinkafi, kwana ɗaya a makare. Ta sami tsohuwar zaune a tabarma, ƙafar ta ɗan saɓe, tana ta mitar an ce jiya, an dafa kaza jiya, 'yan gida sun cinye.

Da yamma Muhtari ya kira a wayar maƙwabci. Da ya ji labari sai ya ce in za su komo su biyo ta daji da 'yan babur, kamar yadda kowa ke yi, ba shinge ba tambaya. Rekiya ta tuna masa su wa ke cikin dajin. Daga baya ta ce masa za ta zauna har kaka, in ya ga dama shi ya zo, amma ya fara duba yadda aka rubuta sunansa.