Ƙurungun Tafkin Jiratawa

Bayan ambaliyar da ta cinye tsohon garin Maraɗi, wani Bafaranshe ya sauka a gidan kwamanda da akwatunan kwalabe. Aikinsa neman kifin da ba a taɓa rubuta sunansa ba. Mutane suka sa masa suna Mai Kwalba.

Ya zaga kasuwa, ya bi gulbi har Tsibiri, bai ga abin da ya burge shi ba. Sai tafintansa Idirisa ya ba shi labarin wani tafki a bayan Jiratawa. Akwai ɗan ƙurungu a ciki, bai wuce tsawon yatsa ba, baƙi mai ɗigon ja a ciki. Anna, masu bin addinin gargajiya da ke noman gero a wurin, ba sa kama shi, don sun ce na iskar gidansu ne.

Washegari mota ta tsaya a bakin tafkin da gardi biyu, 'yan sandan kwamanda. Aka kira Gado, wanda kula da ruwan ke hannun gidansu tun kakanni. Mahaifiyarsa Tasalla ta biyo shi tana dogara sanda.

"Ranka shi daɗe, wanga kifi ba a taɓa shi," in ji Gado. "Ga tarwaɗa nan gulbi, in kamo mishi ko kwando nawa."

Idirisa ya juya maganar. Mai Kwalba ya yi murmushi, ya ce shi ba cin kifi ya zo ba. Gardi ya tura Gado cikin ruwa da gindin bindiga.

Har rana ta take Gado na lalube cikin laka. Duk wanda ya kama sai ya karye masa ƙaya, yadda masunta ke yi don kada ya soke su, ya jefa a ƙwarya. Da ya fito, Mai Kwalba ya ɗauki ɗaya, ya duba da madubi, fuskarsa ta yi ja. Da haƙoran ƙayar nan da tsawon gashin baki yake bambanta wani iri da wani, ga shi an lalata masa duka.

"Ya ce da gangan ka yi," in ji Idirisa. "Ka koma, ka kamo su da ƙayarsu."

Kafin ya koma sai da aka kwantar da shi aka yi masa bulala a gaban uwarsa. Gado ya sake shiga ruwan, bayansa na jini. Na farko da ya damƙa ya kafa masa ƙaya a tafin hannu, ta karye a ciki. Sauran duk sun shige ramuka.

Mai Kwalba ya duba agogo. Ya tambaya ko babu hanya mai sauri. Ɗaya gardin ya ce akwai magimfa, ganyen da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu. Aka tara matan ƙauyen, aka sa su daka. Tasalla ta ƙi, ta zauna a ƙasa.

"Ɗana, ka hwaɗa mishi ruwan ga muke sha," ta ce wa Idirisa.

"Inna, ki yi haƙuri," ya ce. Bai juya maganar ba.

Gado aka sa ya zuba da hannunsa. Kafin la'asar fuskar tafkin ta yi fari da cikin kifaye, manya da ƙanana. Mai Kwalba ya naɗe wando, ya shiga har gwiwa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ya zaɓi 'yan kaɗan waɗanda babu abin da ya same su, ya shimfiɗa su a kan katako, ya buɗe fikafikansu da allura, ya auna, ya zana. Ya zuba su a kwalba mai ruwan magani mai yaji a ido. Ya shafa kan Gado, ya ba shi sigari ɗaya, motar ta tashi.

Tafkin ya yi ta wari har awaki suka daina zuwa. Mata suka koma ɗibar ruwa a gulbi, tafiya mai nisa. Dattawa suka ce ko ma wa ya sa shi, hannun Gado ne ya zuba. Babu mai cin tuwo da shi, babu mai amsa gaisuwarsa. Tasalla ta daina magana, ta rasu kafin a yanke gero, kuma ba a bar shi ya kama gawarta ba.

Hannun ya kumbura, ya yi baƙi. Wani wanzami a Tsibiri ya yanke masa yatsu uku. Bai koma Jiratawa ba, ya shiga dakon kaya a kasuwar Maraɗi.

A nan Idirisa ya gan shi bayan damina biyu, ɗauke da buhun gyaɗa. Ya tsayar da shi da fara'a.

"Gado, albishirinka! Kifin nan sabo ne, ba a san shi ko'ina ba. An sa mishi sunan matar kwamanda. Mai Kwalba ya ce in na gan ka in tambaya, ko akwai wani tafki irin wancan?"

Gado ya dube shi, buhun na danne masa wuya.

"Akwai ɗaya bayan Tsibiri," ya ce. "Mutanen can ma sun ƙi ba ni wurin kwana."