Hannun Hinda Bai Tsaya Ba

A Magariya, a zamanin da kumandan Bafaranshe ke zaune a babban biro, wato ofishin mulki, akwai samari uku da suka ɗauki kansu marubuta, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin sunansa a bugaggen littafi. Mainassara mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, da safe ya koya wa yara Faransanci, da yamma ya rubuta labaran ban dariya da Hausa a bayan tsofaffin kaye, littattafan rubutun 'yan makaranta. Ɗayyabu tela ne a bakin kasuwa, da ajami yake rubuta nasa, kuma duk 'yan fashi ne da aljanu. Na ukun shi ne Halilu, ƙaramin ma'aikacin gidan waya, wanda ya karance duk littafin da ya shigo garin, na Faransanci da na Hausa waɗanda fatake ke kawowa daga Kano. Shi alƙalaminsa bai san komai ba sai soyayya.

Injin buga littafi mafi kusa da su yana can hayin iyaka, ƙasar Ingilishi. Sun taɓa haɗa labaransu suka ba wani falke ya kai, ya dawo ya ce jakinsa ya faɗi da su a wani rafi. Wani Bature mai duba makarantu kuma, da Mainassara ya nuna masa nasa, sai ya juya takardar gaba da baya, ya yi murmushi, ya ce Hausa ai ta hira ce.

To, sai suka kai labaransu inda ake hira. A ƙofar gidan Ya Kaka, kakar Mainassara, akwai wata ceɗiya mai inuwa. Da bazara mata da 'yan mata kan taru a gindinta bayan la'asar suna ɓarar gyaɗar iri, wadda za a kai gonakin 'ya'yan tsohuwar a Yekuwa. Gyaɗar iri ba a sa ta a turmi, sai da hannu, ɗaya bayan ɗaya, don kada ƙwayar ta fashe. Aiki ne mai cin rai, saboda haka matan suka yi murna da masu karatu.

Mainassara ne ya kafa doka. Ya ce, "Mu kada mu yabi juna, don mun san ƙarya za mu yi. Hannuwa za mu duba. In labari ya yi daɗi, hannu zai tsaya da ɓara. In bai tsaya ba, mutum ya koma gida ya gyara."

Dokar kuwa ta yi aiki. In Ɗayyabu ya kai wurin da ɗan fashi ya ɗaga takobi, sai ka ji ƙas-ƙas ɗin ɓawo ya ɗauke ɗif. In Mainassara ne, har ƙwarya kan kife don dariya. Ranar Alhamis ta Halilu ce, yana karanta musu labarin Isufu mai haƙar rijiya da Mariyama, wadda ya bari a ƙauye ya tafi neman abin aure. Shi ma hannuwa na tsaya masa. Laraba, matar maƙeri, har da gefen zane take share ido.

Hannu ɗaya ne bai taɓa tsaya masa ba, kuma shi kaɗai yake kallo.

Hinda jikar Ya Kaka ce, ta zo daga Yekuwa taya aiki. Doguwa ce, mai ɗan wushirya, mai amsa magana tun kafin a rufe baki. Ranar da Halilu ya fara ganinta, sai da ya karanta layi guda sau biyu bai sani ba. Tun daga ranar idon Mariyama ta cikin labari ya koma irin na Hinda, tafiyarta ma haka. Amma Hinda, wadda kan saki gyaɗa ta riƙe baki don 'yan fashin Ɗayyabu, in Halilu ya buɗe takardunsa sai ta sunkuyar da kai, yatsunta na ta aiki, ko ɗagowa ba ta yi. Ga kajin Ya Kaka kuma, da zarar ya fara sai su taru a gefenta suna ƙyarƙyara, suna ɓata masa wuraren da ya fi wahala a kansu.

Wata ranar Laraba Halilu ya zauna a shagon Ɗayyabu, ya haɗa kai da gwiwa.

Ɗayyabu ya ce, yana taka keke, "Ka sa ɗan fashi guda. Ko ƙarami ne. Ya tare Isufu a hanya, ka ga aiki."

"Labarin zuciya nake rubutawa, Ɗayyabu."

"Ɗan fashin ma ai yana da zuciya."

Mainassara, da ke kishingiɗe kan tulin yadi, ya ce, "Mata takwas sun yi maka kuka, kai kana nan kana makokin taubashiyata. Yarinyar nan tun tana goye ba ta da tausayi. Ni ta taɓa ciza a kunne."

Halilu ya miƙe tsaye ya ce, "Babi ɗaya ya rage mini. Na zuba duk abin da ke cikin ƙirjina a ciki. In na karanta shi gobe hannunta bai tsaya ba, to ni ba marubuci ba ne. Zan kwashi takardun nan gaba ɗaya in kai wa Rabe mai tsire ya naɗe nama da su, kuma ba zan sake riƙe alƙalami ba sai don aikin gidan waya."

Ɗayyabu ya tsayar da keke. Sun san Halilu: yana da saurin hawaye, amma in ya faɗi magana ba ya janye ta.

Washegari suka iso gindin ceɗiya da tabarmarsu, suka tarar da Ya Kaka tsaye a bakin hanya da sandarta. Ta nuna gabas da ita. Hadari ne ya yi gungu, baƙi ƙirin, can wajen Dungas.

Ta ce, "Mazajena, yau ku juya. Kun ga wancan? Ruwa na bisa hanya, jakuna za su zo daga Yekuwa ɗaukar iri, ga buhuna can ko rabi ba a yi ba. Tun da kuka fara zuwa da ƙaryace-ƙaryacenku, matan nan sai su saki baki su saki gyaɗa. Ba abin da ya ƙaru a gidan nan sai ƙibar kaji."

Mainassara ya ce, "Haba uwargida, korar miji a gaban jama'a?"

"Mijin da bai kawo cefane ba, sai surutu."

Halilu ya dubi buhunan. In aka kai iri, Hinda za ta bi jakunan ta koma Yekuwa, babin ƙarshe kuma ba za ta ji shi ba har abada. Ya durƙusa a gaban tsohuwar, takardu a ƙirji.

"Ya Kaka, yau kaɗai. Duk abin da hannun matan nan ya bari, mu za mu cike. Mainassara da Ɗayyabu su zauna su yi ɓara ina karatu, in na gama ni ma in zauna, har sai buhunan sun ƙare."

Ɗayyabu ya ce, "Da wa ka yi shawara?"

Ya Kaka ta dubi yatsun Mainassara masu farin alli, ta yi dariya har sandarta na girgiza. "A ba mushe ƙwarya. Yau zan ga abin da Nasara ya koya masa."

Aka shimfiɗa tabarma. Matan suka matsa wa maza biyu wuri suna ta tsiya. Mainassara ya matse gyaɗar farko, ƙwayar ta yi tsalle ta bugi goshin Laraba. Hinda ta ce, "Taubashi, iri ake so, ba harbi ba." Aka sake fashewa da dariya. Sai da wurin ya lafa sannan Halilu ya gyara murya.

Ya karanta yadda Isufu ya yi shekaru yana haƙa rijiyoyi a garuruwan mutane, har rana ta canja masa kama. Ya karanta dawowarsa da tsakar rana, da ƙura har gwiwa, ya tsaya a bakin rijiyar farko da ya taɓa haƙawa, wadda ya haƙa don kada Mariyama ta riƙa tafiya mai nisa. Ga ta nan kuwa tana jan guga. Ta ga baƙo, ta cika masa moɗa ta miƙa, ba ta gane shi ba. Ta ce masa, sha, baƙo, ruwan nan babu irinsa, wanda ya haƙa rijiyar yana tafe, ni nake tsare masa ita.

Ƙarar ɓawo ta fara raguwa. Hannun Laraba ya tsaya, na kusa da ita ya tsaya. Ɗayyabu ya manta da gyaɗa a tsakanin yatsunsa. Ita kanta Ya Kaka ta jingina haɓa a kan sanda. Iskar hadari ta taso mai sanyi tana kaɗa ganyen ceɗiya, Halilu ya ji muryarsa ta zama ba tasa ba. Ya karanta yadda Isufu ya shanye ruwan, ya dubi tsummokaran jikinsa da hannunsa wofi, ya ji kunya, ya yi godiya irin ta baƙo, ya juya ya kama hanya bai faɗi sunansa ba.

Ya rufe takarda. Wurin ya yi tsit, in ban da abu biyu: ƙyarƙyarar kaji, da ƙas, ƙas, ƙas daga inda Hinda take. Kanta a sunkuye, yatsunta na gudu fiye da kullum.

Halilu ya tsaya yana kallon hannun nan. Sannan ya tattara takardunsa a hankali, ya daidaita gefensu, ya miƙe. Ya ce wa abokansa, "Ina zuwa. Zan dawo in yi ɓarar da na yi alkawari." Ya nufi hanyar kasuwa, inda hayaƙin Rabe mai tsire ke tashi.

Mainassara ya yunƙura zai bi shi, sai muryar Ya Kaka ta tsinka wurin.

"Ke Hinda. Me nake gani a ƙwaryar nan?"

Halilu ya waiwayo. Tsohuwar ta sa sanda ta jawo ƙwaryar Hinda tsakiyar tabarma. Cike take fal, har ta yi tozo, amma babu ƙwayar gyaɗa ko ɗaya a sama. Ɓawo ne zalla. Ƙwayoyin kuwa, jajaye masu kyau, suna warwatse a ƙasa ta gefen hagunta, inda ake zubar da ɓawo, kaji na ta wawaso a kai.

Ya Kaka ta ce, "Ashe ke ce. Duk Alhamis sai in ce wa ke ba kajin nan abinci a ɓoye."

Laraba ce ta fara dariya, hawayen labari bai bushe mata ba. Sai kowa ya ɗauka. Hinda ta dubi ƙwaryar, ta dubi kajin, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe, idanunta jajir suke, kuma ba Ya Kaka ta duba ba.

Ta ce, "Malam Halilu, kai wane irin mutum ne? Yarinya ta tsare masa rijiya shekara da shekaru, sai ya sha ruwa ya wuce? Don ba shi da riga? Ita rigar ta ce tana jira?"

Halilu ya ce, "Haka manyan littattafai suke ƙarewa."

"To manyan littattafan ba su san Mariyama ba. Ko muryarsa ai za ta gane. Ka mayar da shi."

Ɗayyabu ya ce, "Da ka sa ɗan fashin nan, da ya tare shi a hanya ya koro shi gida."

Mainassara ya ɗaga hannu kamar yana aji. "A matsayina na mai doka, na yi gyara. Daga yau, ban da hannu, za a riƙa duba kaji."

Ya Kaka ta kori kajin da sanda, ta nuna wa Halilu ƙasa. "Kai ka jawo, kai za ka tsince. Zauna nan. Duk ƙwayar da kaza ta bari, a ƙwarya nake son ganinta kafin ruwan nan ya sauko."

Halilu ya dawo. Ya ɗora takardunsa a kan tabarma, ya danne su da dutse don kada iska ta kwashe, ya durƙusa a gefen Hinda yana tsintar gyaɗa daga cikin rairayi. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a bayan hannunsa, ƙamshin ƙasa ya tashi.

Ba tare da ya dube ta ba ya ce, "In na mayar da shi, kina Yekuwa. Wa zai gaya mini ko ya yi daidai?"

Hinda ta zubar da ɓawon da ke cikin ƙwarya, ta tura masa ita gabansa.

Ta ce, "Yekuwa ba a bayan duniya take ba. Mu ma muna da kaji."